Tsutsa Mai Goyo da Shanun Labbo

Samarin da ke zuwa zaurena aron famfon feshi suna kirana Baba Ungozoma, kuma babu ɗaya a cikinsu da ya san dalili. Sai su goya famfon roba mara nauyi, su zuba magani da ka, su ratsa gona suna waƙa, su fito su ce feshi ai ba sana'a ba ce, yawo ne da ruwa a baya. Shekaranjiya wani ya ce mini, "Baba, ai ko jaki aka goya wa famfo zai yi." Na ce masa gaskiya ne, na san jakin da ya yi shekara talatin da wani abu yana yi, shi ne ma yake maka magana. Na ajiye famfo a shekarar da aka ba mu jihar Zamfara. Ga yadda na ɗauke shi, da abin da na yi da shi.

Aikina na farko a Ƙaura ne, 'yan shekaru bayan an sami mulkin kai. Na tsaya a aji huɗu na elemantare, aka ɗauke ni lebura a ofishin gona. Maigidana Malam Bulus ne, Kirista daga kudancin Zariya, dogo, ba ya ɗaga murya, Hausarsa ta fi tawa gyara. Kwana ashirin bai bari na taɓa magani ba. Ruwan rijiya zalla ya sa ni fesa wa ƙasa a wani fili kusa da tashar jirgi, masu dakon auduga suna tambayata ko gyaɗa nake so ta tsiro a kan layin dogo. Ya ja mini kunya-kunya da sanda, ya ce tanki ɗaya dole ya ƙare daidai bakin ta ƙarshe. In ruwa ya rage, na yi gudu ke nan. In ya ƙare a tsakiya, sai ya ce, "Mamman, tafiyar ango kake yi, wa aka ɗaura maka?"

Famfon wancan lokaci na tagulla ne. In ka cika shi ka goya, sai ka ji kamar ka goyi ƙanen babanka. A cikinsa akwai wata fata da ke matso iska. In ta bushe, famfo sai ya riƙa tusa babu ruwa. Mukan yanko wata daga tsohon takalmi mu jiƙa ta da man gyaɗa. Bakin famfo kuwa in ya toshe, da tsinken ciyawa ake share shi, ba da ƙaya ba, don ƙaya tana buɗa ramin. Ba a hura shi da baki. Na hura sau ɗaya. Kwana uku leɓɓana suna gabana ina binsu. Ma'auninmu gwangwanin madara ne da aka karce masa layi da ƙusa. Kafin ka fara, ka ɗebi ƙasa ka saki ka ga inda iska ta nufa. Ka jira raɓa ta bushe, kada kuma ka kai rana ta take. Wannan duk na koya, kuma na iya. Abu ɗaya Malam Bulus yake maimaitawa da ban ɗauka da muhimmanci ba: "Buɗe ganye ka duba kafin ka danna hannu."

Da na sami famfo nawa na kaina da keke, na zama mutum. Banga, Ɗan Isa, Kasuwar Daji, har Shinkafi ranar kasuwa, duk an san ƙarar kekena. Masu kira iri-iri ne. Akwai manomin da zai bi bayanka yana shinshina iska, in bai ji hawaye a idonsa ba ya ce ruwa ka fesa masa. Akwai wanda zai ce ka bar gonar, ka fara da gadonsa, kuɗin cizo sun fi tsutsa zalunci. Wani Buzu ya kawo mini raƙumi mai kaska. Wani mahauci a Kasuwar Daji ya cire hula ya miƙo mini kai, wai kwarkwata. Na fesa. Kwarkwatar ta mutu, shi ma saura kaɗan. Ku kuna dariya, ni har yau in na tuna sai na yi istigfari.

Aikin da ya ba ni suna a ƙauyenmu ne, gabas da Zurmi. A damina, in auduga ta kai gwiwa, akwai wata koriyar tsutsa da ke naɗe ganye kamar tabar gargajiya ta shige ciki tana ci. Wata rana na buɗe irin wannan ganye na tarar da tsutsar kwance, a bayanta da gefenta wasu fararen abubuwa jere kamar tsabar shinkafa. Nan take ilimin aji huɗu ya motsa. Na ce ƙwai ne. Na ce wannan ita ce uwar tsutsotsi, goyon 'ya'yanta take yi kamar matan gidanmu. Na raɗa mata suna tsutsa mai goyo, na shiga gaya wa manoma duk inda suka gan ta su tsinke ganyen su ƙone, don in ta sauke goyon nan gona ta tafi. Kowa ya yarda, sai mutum ɗaya.

Labbo taubashina ne, ɗan ƙanwar babana. Tun muna yara kowa yake kiran ɗan'uwansa bawansa, kuma ba mu taɓa haɗuwa mun rabu ba a zagi wani ba. A shekarar nan Labbo ya sayi shanun huɗa biyu wurin wani Bafulatani, ya sa musu Dogo da Gajere. Shekara da shekaru yana tara abin sayensu. Da ya ga yana da shanu, sai ya shuka auduga a babbar gonarsa gaba ɗaya, ya bar wa gero ɗan gefe kawai. Lissafinsa shi ne auduga za ta sayi hatsin gida. In auduga ta ƙi, babu abin sayarwa a gidan sai shanun nan. Shi ya sani, ni ma na sani.

Ya same ni ina hura wuta a bakin gonar maƙwabcinsa.

"Kai bawana, mi kaka ƙonawa?"

"Uwar tsutsa nake ƙonawa, jahili. Matsa kada hayaƙi ya shiga kanka, ya sami wuri fili."

Ya tsuguna ya ɗauki ganye ɗaya ya buɗe. "Wagga? Ka taɓa ganin ta tana cin ganye? Ni kullum kwance nika iske ta awa wadda ta sha kashi. Kwana biyu ta yi baƙi ta bushe. Wane irin goyo ne wanga da ka kashe uwa?"

"Haihuwa ai da wuya."

"Ba goyo ba ne, Mamman. Likkafaninta ne."

Gardama ta kai ƙofar mai gari. Ni na kawo shawarar kwalba, da bakina. Na ce a sa tsutsa mai goyo a kwalbar lemo, a ɗaure bakin da ƙyalle, a ba liman ajiya. Ranar Juma'a mai zuwa a buɗe a gaban jama'a, kowa ya ga tsutsotsin da za su fito. Na ma ce in ba su fito ba a aske mini gemu, ga shi a lokacin gashi bakwai ne.

Ranar Juma'a bayan an sauko, liman ya zaro kwalba daga aljihu ya ɗaga. Tsutsa ta bushe ta yi baƙi. Fararen abubuwan nan kowanne ya buɗe a ka kamar an cire masa ɗan faifai. A jikin kwalbar kuma ga wasu baƙaƙen ƙwari suna zirga-zirga, ba su kai sauro ba, masu fukafukai da ɗan siririn ƙugu irin na zanzaro. Tsutsa ko ɗaya babu.

Labbo ya buga cinya. "Jama'a, ku zo barka! Ɗiyan tsutsa sun hito da fukafukai! A kira wanzami!"

Aka fara dariya. Na ga gemuna yana tafiya, da kekena, da sunana. Na juya wurin mai gari. Sai na ce, "Ranka ya daɗe, ai waɗannan su ne iyayen tsutsa. Ba ku ga yadda tsutsa ke zama malam-buɗe-littafi ba? Haka su ma. In an bar su, kowane ɗaya zai tashi ya zuba tsutsa a gona." Sannan na ƙara abin da ya fi ƙaryar muni. Na ce, "Labbo kuwa kun san tsakaninmu. Ko na ce sunana Mamman zai ce ba haka ba. Wasan taubashi ne yake yi da gonakinku."

Nan dariya ta juya. Duk abin da Labbo ya ƙara faɗa, sai a ce kai waɗannan taubasai ba su gajiya. Mai gari ya ce bayan kwana uku a fita gayya, a tsinke duk mai goyo a ƙone, a fesa kowace gona, har ta Labbo.

Ba zan ce ban sani ba, don washegari na ɗauki kwalbar na hau keke zuwa Ƙaura. Malam Bulus ya fito da gilashinsa mai ƙara girman abu, ya daɗe yana dubawa, sannan ya miƙo mini. Ya ce in kalli bayan ɗaya daga cikinsu. Na ga wani ɗan tsinke kamar gashi.

Ya ce, "Allurarta ce. Waɗannan dangin zanzaro ne da rina, sai dai ba ruwansu da mutum, ba sa harbinsa. Macen tana bin ganye tana neman tsutsa tun tana ƙarama. In ta same ta sai ta soka mata allurar nan ta zuba ƙwai a cikin jikinta. Ƙwan su ƙyanƙyashe a ciki, su riƙa cin tsutsar tana raye. Suna da wayo, ba sa fara cin inda zai kashe ta da wuri, don kada abincinsu ya ruɓe. In sun ƙoshi sai su huda fata su fito, kowanne ya saƙa wa kansa ɗan farin ɗaki ya kwanta. Shi ne shinkafar da ka gani. Bayan kamar mako su fito da fukafukai, su sha ruwan furen ciyawar bakin gona, su koma neman wata tsutsar."

Na ce, "Malam, wannan ai mugunta ce."

Ya ce, "Ga tsutsa mugunta ce. Ga mai auduga lebura ne da ba ya cin tuwonka. Kuma ba su kaɗai ba ne. Kowace tsutsa da nata. Akwai masu bin ta cikin karan dawa, akwai na darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu tsotsar ganye, akwai waɗanda ƙwan malam-buɗe-littafi suke hudawa tun bai zama tsutsa ba. Ba domin su ba da ba a ga koren ganye a ƙasar nan. Me ya sa kake tambaya?"

Na gaya masa. Ya cire tabarau ya ajiye. Ya ce tsutsar da ke cikin naɗaɗɗen ganye magani ba ya isa gare ta sosai, ɗaki gare ta. Su kuwa ƙananan nan a fili suke yawo, su za su fara mutuwa. Ya ce, "Koma yau ka gaya musu."

Na ce to.

Daga Ƙaura zuwa Zurmi na tsara jawabina a kan keke, har da inda zan yi tari. Ina shiga ƙauye aka fara "ga likitan auduga, ga likitan auduga". Mai gari ya matsa mini a kan tabarmarsa, ya ba ni farin goro, ya kira ni Malam. Babu wanda ya taɓa kirana Malam. Na ci goron, na haɗiye jawabin tare da shi.

Gonar Labbo ita muka yi a ƙarshe. Mutanen gayya suka bi kunya-kunya suna tsinke ganye, aka tara tuli aka cinna wuta. Ni kuma na bi da famfo, na ƙara magani ya wuce layin gwangwani, na fesa har ciyawar iyaka mai fure, don a ga na yi aiki. Labbo yana tsaye a bakin gona riƙe da igiyar Dogo da Gajere. Da na zo wucewa ta gabansa ya ce, a hankali, "Mamman, ba wasa nika ba." Bai ce bawana ba. Waɗanda ke kusa suka fashe da dariya, wani ya ce yau Labbo ya canza salo. Sau uku na fesa gonakin ƙauyen a daminar nan.

Mako biyu gonaki suka yi kyau, ana ta sa mini albarka. Daga nan abin ya juyo. Tsutsar da ta tsira a cikin ganye ta zama malam-buɗe-littafi, ta zuba sabbin ƙwai, kuma yanzu babu mai bin bayanta da allura. Ganye ya koma kamar rariya. Darɓa ta zo ta zuba danƙonta, 'yar audugar da ta buɗe ta yi baƙi. Na buɗe ganye ya fi a ƙirga ina neman farar shinkafar nan, ko ɗaya ban samu ba. Mutane suka ce in ƙara feshi. Na ƙara.

Kowa ya yi asarar auduga a shekarar, amma sauran suna da gero a rumbu. Abin da Labbo ya kai fuloti, inda ake awon auduga, a kan jaki ɗaya ya tafi, aka ba shi lamba uku, mafi ƙarancin kuɗi. Kafin wata damina rumbunsa ya ga ƙasa. Wata safiya ina kan hanyar Shinkafi na cim masa yana kora Dogo da Gajere zuwa kasuwa. Na sauka daga keke. Ya ce, "Gaishe su, bawana, ba ka sake ganin su." Da la'asar na gan shi yana dawowa bayan jakin hatsi, karkiyar shanun a kafaɗarsa. Ita ce bai sayar ba.

Faɗin gaskiya ma aiki ne, kuma ban iya shi ba a karon farko. Wata Juma'a bayan haka na miƙe a inda aka buɗe kwalba na ce, "Jama'a, Labbo ke da gaskiya. Na san gaskiyar kafin a yi gayya, na ɓoye." Sai wani tsoho ya ce, "Kai, yau kuma ta nan anka ɓullo!" Aka kwashe da dariya. Makamin da na kashe maganar Labbo da shi, shi ya kashe tawa. Sai da na cire hula na durƙusa gaban liman na rantse, sannan dariya ta tsaya. Mai gari ya dube ni ya ce, "Mamman." Sunan Malam ɗin nan da ya ba ni ya tafi ke nan, bai kuma dawo ba.

Labbo bai ko ɗago ba, yana gyaran ƙotar fartanya. Ya ce, "Ni na sani tun ranar kwalba. Tun muna yara in kana ƙarya kunnenka na hagu ka motsi. Ran nan har fifita yaka yi."

A daminar da ta biyo na shiga wani aiki da babu wanda ya koya mini. Tsutsar nan tana naɗe ganyen kuɓewa ma, kuma kuɓewar da mata ke shukawa a bayan gida babu mai fesa mata komai. Na riƙa bin ƙauyuka da rugage, ina sallama ina roƙon a bar ni in duba kuɓewa. Wata Bafulatana kusa da Shinkafi ta tambayi mijinta ko taɓin hankalin nawa na kamuwa ne. In na sami ganye mai farar shinkafa sai in tsinke, in sa a ƙwarya, in shimfiɗa ɗanyen ƙyalle, in rufe da faifai don rana. In tuƙa keke a hankali kamar na ɗauko ƙwai. A gonar Labbo in rataye ganyen a inuwa, inda tururuwa ba za ta hau ba. Mutumin da aka sani da famfo ga shi da ƙwarya yana leƙa ta yana cewa sun kusa fitowa. Labbo ne ya fara: "Ku ba Ungozoma hanya, naƙuda ta taso!" Ga asalin sunan da kuke kirana.

Ko ƙwaryata ce ta dawo da su, ko da kansu suka dawo da aka daina zuba musu guba, ban sani ba. Malam Bulus ya ce da kansu ne, amma in ci gaba, tukin keken zai yi mini amfani. Ban kuma bar feshi ba. Akwai tsutsar da ke huda ƙwallon auduga, akwai lokacin da in ba a fesa ba babu girbi. Abin da ya canza shi ne na koma buɗe ganye. In na ga masu goyo da yawa sai in ce wa mai gona ya jira mako. Da yawa suka ce na zama rago, suka kira wani. Ciyawar iyaka kuwa ban sake taɓa ta ba.

A damina ta uku Labbo ya ƙwala mini kira daga tsakiyar gonarsa, wadda yanzu da hannu yake huɗarta. Na same shi riƙe da ganye a buɗe, farar shinkafa jere a kai, ba kuma ni na kawo ta ba.

"An haihu, Ungozoma. Sai ka kawo ragon suna." Ya mayar da ganyen ya naɗe kamar yadda ya same shi. "Waɗanga sun dawo. Saura Dogo da Gajere. Su ma ka sa su a ƙwarya ka kawo."

Shekaru na yi kafin in iya sayen maraƙi guda. Ranar da na ja shi zuwa ƙofar gidansa, Labbo ya fito ya zagaya shi, ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya shiga gida ya fito da karkiyar nan. Ya ɗora gefe ɗaya a wuyan maraƙin, ya ɗaga ɗaya gefen ya dube ni.

"Sa guda ba ya jan garma, bawana. Shigo."

Na sunkuya na sa wuya. Duk unguwa ta fito kallo. Ya ce da maraƙin Dogo, ni kuwa ba sai na faɗa ba.

Na biyun ban kai ga saye ba Allah ya yi wa Labbo rasuwa, Allah ya jiƙansa. Iyalinsa suka aiko mini da karkiyar, wai shi ya ce a ba ni, ta yi mini daidai. Ita ce wadda kuke gani rataye a zaurena, saman famfon da kuke zuwa aro. Duk wanda zai ɗauki famfon sai ya sunkuya ta ƙarƙashinta. Da gangan na rataye ta ƙasa-ƙasa.